Furen Kuɓewa a Cikin Akushi

Damina ta yi nisa lokacin da na dawo gida Tasawa daga Korgom, inda nake koyar da yara a lakwal. Bakansi ne, babban hutun makaranta, kuma niyyata in kwanta in huta, in ci tuwon Inna, kada in ƙara jin hayaniyar aji har wata biyu. Kwana biyu da zuwana na lura zauren gidanmu ba ya warin fenti kamar yadda na san shi.

Baba mai fenti ne. Allunan shaguna da yawa na bakin kasuwa shi ya rubuta su, amma fulawa, zanen furanni na ado, aka fi saninsa da ita: a bayan amalanke, a ƙofar ƙarfe, a jikin akwatin amarya. Zauren nan shi ne wurin aikinsa tun kafin a haife ni. Ina ƙarama akan aike ni in kai masa ruwa in fito, amma ban taɓa samun izinin taɓa panso ba, ɗan burushin da yake zane da shi. Yayana kaɗai Baba ya koya wa, shi kuwa yana girma ya bar sana'ar ya tafi tuƙin mota Agadas. Da na tambayi Baba ina aiki, ya ce damina ce, kowa na gona. Ya faɗi haka hannunsa na dama cikin aljihun riga.

Ranar kasuwa wani amininsa ya zo daga El Allassane Maïreyrey. Dattijo ne dogo, Buzu, tsohon likitan dabbobi da ya ajiye aiki ya koma garinsu. Ni na kawo musu ruwa, shi ya sa na ji abin da ke tafe da shi. Matarsa ce ɓarin jikinta ya shanye tun bazara. Tana kwance, ba ta juyawa sai an juya ta, galibi bango take kallo. Da tana da lafiya ita ke shuka kuɓewa da wake da kabewa a bayan ɗaki, kuma ko yanzu abin da take fara tambaya kowace safiya shi ne ko sun yi fure. Yakan tsinko mata, ya zuba a akushinta da ɗan ruwa, ya ajiye inda za ta gani. Kafin azahar sun yi yaushi sun naɗe, ita kuma sai ranta ya ɓaci, ta ƙi abinci.

Ya kwance wani ƙyalle ya fiddo akushin. Baƙi ne, ƙarami, ya taɓa tsagewa a baki aka ɗinke shi da farar waya. So yake Baba ya zana masa shi a katako da furannin a ciki, yadda suke da hantsi, ya rataya mata a bangon. Ya ce ba irin fulawar akwati ba, wadda babu ita a gonar kowa. Nata yake so, waɗanda za ta gane. Baba ya ce to, suka ajiye magana a kan kasuwa biyu. Na ga yadda ya karɓi akushin, da hagu, ya manna shi a ƙirji.

Kwana uku akushin na kan teburi ba wanda ya taɓa shi. Ran na huɗu da hantsi na shigo zauren da tsintsiya, na tarar da Baba tsaye gaban wani katako da ya riga ya shafe da farin fenti. Bai ji shigowata ba. Ya kai panso zai ja layin bakin akushin, sai hannun ya kama rawa. Ba irin rawar hannun wanda ya gaji ba ce. Tun daga wuyan hannu yake kaɗawa, kamar wani ne ke jijjiga shi da gangan. Layin ya fito a karkace, guntu-guntu. Ya goge da tsumma, ya tallafi hannun dama da na hagu, ya sake gwadawa, ya sake gogewa. A karo na uku ya juyo ya gan ni.

Ya ce in fita. Bai ɗaga murya ba, ni kuwa na gwammace a ce ya ɗaga.

Muna tankaɗe da la'asar Inna ta faɗa mini sauran. Tun kafin azumi abin ya fara. Ya mayar da ayyuka da yawa da sunan ba shi da lokaci, ya jingine motonsa, babur ɗin da yake hawa, ya ce ya lalace alhali lafiyarsa lau, maganar likita kuwa ya hana a ɗauko ta. Ya ja mata kunne kada ta gaya wa kowa, har da Yaya. Ya ce ranar da gari ya ji hannunsa ya mutu, ko lambar ƙofa ba wanda zai ƙara kawo masa.

Washegari na same shi na ce ya bar ni in gwada. Na ce ina zana wa yara kifi da taswira a allo, hannuna ba ya rawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce alli daban, fenti daban. Wunin nan ko gaisuwar magariba da ka ya amsa. Amma kashegari, rana ba ta gama fitowa ba, na ji ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Tashi ki tahi garkar uwarki ki tsinko. Kuɓewa ukku, kabewa guda, wake abin da kinka samu. Kada ki taɓa bakinsu."

Na kawo su da raɓa a jiki. Ya sa na jera su a akushin, ya matso da teburin kusa da ƴar tagar zauren, ya tura ƙofa ya sa sakata. Na miƙa hannu zan ɗauki panso ya ce in ajiye. Ya nuna furen kuɓewa ya tambaye ni launinsa. Na ce ruwan ɗorawa ne. Ya ce in duba dai. Na sake cewa ruwan ɗorawa, ya sake cewa in duba. Na zauna ina kallon fure kamar wadda aka sa horo, raina na ɓaci, ina jin numfashinsa a bayana. Na ci kuɓewa duk tsawon rayuwata, na tsinke ta har hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma sai ranar na ga gefen furenta kusan fari ne, siriri har haske na ratsa shi, da wasu jijiyoyi masu ɗan tsanwa, can cikin maƙogwaronsa kuma ja ne mai duhu irin na zoɓon da ya ji dahuwa. Da na faɗa masa haka bai ce na yi daidai ba. Ya dai jawo murfin gwangwani ya fara haɗa launi da hagu.

Kwana biyu a kwali na yi ta gwaji. Fentinmu na gwangwani ne, irin na ƙofa, sai an tsinka shi da asansi, wato fetur. Idan ya yi ruwa ya zubo kamar hawaye, idan ya yi kauri ya ja zare. Ga damina, ba ya bushewa da wuri. Furannin kuma ba sa jira. Daga hantsi zuwa kafin azahar ne kawai lokacinmu, bayan nan sai ka ga bakin kuɓewar ya fara murɗewa, wake ya rufe, kabewa ta langaɓe a gefen akushi. Na gobe kuma ba za su zauna yadda na yau suka zauna ba. Baba ya ce fure ɗaya kowace safiya, in gama shi kafin ya mutu. Ina zane ina satar kallon inuwar taga a ƙasa, shi kuma yana bayana yana cewa na cika panso, na danna da yawa, na kalli hannuna maimakon in kalli furen.

Akwai sharaɗin da ya gindaya tun ranar farko: kada kowa ya sani. Da an yi sallama sai in saki panso in ɗauki tsintsiya, shi kuma ya matsa gaban katakon da tsumma a hannu kafin ya zare sakata. Ranar da muka fara aiki a kan katakon kansa, telan da ke maƙwabtaka da mu ya shigo aron guduma. Ya tsaya ya kalli akushin da na kwashe safiya ina zanawa, ya ce wallahi Malam har ɗinkin wayar ya fito, hannu dai bai tsufa ba. Baba ya yi murmushi ya ce sai a hankali. Ni kuwa ina gefe ina sharar wurin da na riga na share. Ban san zan ji zafin abin haka ba.

Kashegari na maƙale a kan lanƙwasar ganyen furen kuɓewa. Sau huɗu ina ja, yana fitowa kamar kunnen akuya. Baba ya ƙosa. Ya matso ya kama wuyan hannuna da damansa zai nuna mini yadda ake juya panso, kamar yadda na sha ganin yana yi wa Yaya. Ya manta. Rawar ta bi ta hannunsa ta shiga nawa, panson ya yi tsalle ya ja wani karkataccen layi ja tun daga tsakiyar furen har cikin akushin. Muka tsaya a haka, hannunsa na kan nawa, duka biyun suna kaɗawa. Sannan ya sake ni, ya zare sakata ya fita. Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Na gyara abin da zan iya. Washegari na ƙara fure na biyu, kuma a ganina ya yi kyau. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hasken na farko daga taga yake zuwa, na biyun kuma daga ƙofa, ko rana biyu ke gare mu a Tasawa. Kafin in ba shi amsa ya ɗauki wuƙar kankara da hagu ya bi furannin nan biyu ya kankare su har farin katako. Akushin kawai ya bari. Saura kwana huɗu kasuwa.

Na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Baba, kai da kanka ba ka iya ja ko layi guda yanzu. Mi ya sa za ka ɓata na wanda ya iya?"

Tunda nake ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya goge wuƙar a tsumma, ya mayar da ita inda take, ya ce in je in taya uwata aiki. Inna ta ji komai daga tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ba ni gaskiya ba, ta dai miƙo mini turmi.

Da gari ya waye ban fita garka ba. Na zauna a ɗaki ina jiran ya zo ya kira ni, bai zo ba. Rana ta ɗaga. Can na ji ƙarar gwangwani ya faɗi a zaure, ya gangara, sai shiru. Na yi ta sauraro ko zan ji motsinsa, ban ji ba. Da na kasa daurewa na tashi na leƙa. Farin fenti ya malale a ƙasa, Baba na durƙushe yana kwasarsa da guntun kwali yana mayarwa cikin gwangwanin, rabi na shiga rabi na komawa ƙasa. A kan teburi ga akushin da furanni a ciki, bakin biyu daga cikinsu ya yage wajen tsinka. Na durƙusa kusa da shi na karɓi kwalin. Ban ba shi haƙuri ba. Da muka gama ya ce farin da ya rage ba zai ishe mu ɓarna ba, in yi hankali. Na ruga garka na tsinko sabbi.

Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Ya daina tsayawa a bayana, ya koma gefe kan benci, hannunsa tsakanin gwiwoyi. Magana kaɗan yake yi: ƙara fari, bar shi haka, dubi inuwar da kabewa ta yi a kan wake. Fure biyu nake yi kowace safiya, kuma ba na cin komai sai na wanke panso. Ana gobe kasuwa na gama na ƙarshe, wake ƙarami da ya leƙo ta gefen ɗinkin.

Da yammar ranar aminin Baba ya kira a salula. Ya ce jikin matar ya matsa, ba zai iya barin ta ya zo ba, ko akwai wanda za a ba ya kawo. Baba ya ce shi zai kawo da kansa. Da ya kashe ya dube ni ya ce ai sai da mai riƙewa.

Da gari ya waye fentin bai gama bushewa ba. Na buga ƴan sanduna biyu a gefen katakon, muka ɗora kwali a sama yadda ba zai taɓa zanen ba, muka ɗaure da igiya. Mota muka shiga zuwa Urafane, daga can muka ɗauki kabu-kabu biyu. Hanyar yashi ce da ruwa ya zazzage, gero ya rufe ta hagu da dama. Ina bayan moto rungume da katakon, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar kwalin ya manne. Hadari ya taso daga gabas tun muna rabin hanya. Na yi ta roƙon mai moton ya yi sauri, in ya yi saurin kuma in roƙe shi ya rage. Yayyafi ya fara sauka daidai lokacin da muka tsaya a ƙofar gidan.

A zaure aka kwance igiyar. Kwalin bai taɓa ba, sai wani ɗan ƙwaro da ya maƙale a kusurwa. Dattijon ya riƙe katakon da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Ya ce wa Baba Allah ya saka, ya ce abin ya fi yadda ya zata. Na dubi Baba ina jira. Ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara komai ba.

Ni aka ce in shiga da shi ciki. Ɗakin na warin magani da turare. Matar ta rame ƙwarai, ido ɗaya ya ɗan rufe, an jingina ta da matasai. Na gaishe ta, na durƙusa na riƙe mata zanen daidai fuskarta, mijin na tsaye a bakin ƙofa. Ta bi shi da ido a hankali, fure bayan fure. Maganarta ba ta fita sosai, sai na kai kunne. Ta ce akushinta ne. Ta ce waken nan bai kai nata shuɗi ba, na Tasawa ne. Sannan ta miƙo hannunta mai lafiya, na zaci zanen za ta taɓa, sai ta kama yatsuna. Na wanke su da asansi har sau uku, amma akwai ja da tsanwa a gindin farce. Ta juya su ta duba.

"Ɗiyata, ke kinka yi?"

Ruwa na dukan rufin kwano. Ina jin mijin a bayana, bai motsa ba. Na tuna sharaɗin Baba, na kuma dubi matar da ke riƙe da hannuna, na kasa yi mata ƙarya.

Na ce, "Ni da Baba."

Ta gyaɗa kai, ta ce a rataya. Mijin ya kawo ƙusa ya buga, ya daidaita katakon yadda ta nuna, sannan ya fita zuwa zaure. Na zauna wurinta ina ba ta kunu a cokali, kunnena na waje. Muryoyinsu ƙasa-ƙasa suke, ta dattijon ta fi yawa. Sun fi awa guda. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da ruwa ya tsaya muka kamo hanya. Har Urafane Baba bai dube ni ba. A mota ya zauna gaba ni ina baya, muka shiga gida kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Daga bakin Inna na ji sauran bayan kwana biyu: aminin nasa ya ce tun ranar da ya ba shi akushin ya ga hannun, ya yi shiru ne yana jiran ya faɗa masa da kansa. Ya kuma rantse sai ya raka shi asibiti Maradi, ko ya yarda ko su ɓata. Baba ya yarda.

Sun je bayan sati biyu, lokacin da jikin matar ya ɗan lafa. An ba shi magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, likitan ma bai ce za ta tafi ba. Yanzu yana rubuta manyan haruffa idan ya jingina gwiwar hannu a teburi. Fulawa kuwa ya bar ta, duk wanda ya kawo yakan ce masa ya jira Asabar ɗin da zan zo. Matar ta rayu har bayan an ɗaure gero, sannan ta rasu.

Maganar da na yi a ɗakin nan sau ɗaya muka taɓa tayar da ita, ranar da nake haɗa kaya zan koma Korgom. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba ƙarya na yi ba, amma ba ni ya kamata in faɗa ba. Ya ce da na ƙara haƙuri kaɗan da shi ya faɗa da bakinsa. Na tambaye shi yaushe. Ya ce a hanya ya yi niyya, ko kafin mu taso. Na ce to, Baba. Wataƙila da ya faɗa ɗin. Mai kabu-kabu ya iso yana ta oda a waje, Baba ya ɗauki jakata ɗaya da hagu ya yi gaba, na bi shi da sauran.